Waiwaye: Tarihin Katantanwar Ado da Gardamar da Ke Kan Hujinta

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 20, yawancin masana kayan tarihi na binne sun tafi a kan cewa ɗan Adam bai fara yin ado ba sai kimanin shekara dubu 40 da suka wuce, lokacin da ya isa Turai, domin a kogunan Faransa da maƙwabtanta ne aka fi tono haƙoran dabbobi da ƙwanson halittun teku masu huji. Wannan ra'ayi ya daɗe yana cin karensa babu babbaka, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne a Turai aka fi yin tonon.

Al'amarin ya sauya a shekarar 2004, sa'ad da Christopher Henshilwood da abokan aikinsa suka bayyana katantanwa 41 da suka tono a kogon Blombos da ke gaɓar tekun kudancin Afirka ta Kudu, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin dubu 75. Katantanwar ƙanana ce ƙwarai, ba ta kai ko girman wuri ɗaya na kuɗin dā ba, kuma naman da ke cikinta bai isa a wahala dominsa ba, don haka da wuya a ce abinci ne ya kawo ta. Tana rayuwa ne a inda kogi yake haɗuwa da teku, kuma mafi kusa daga irin waɗannan wurare yana da nisan kilomita 20 daga kogon, abin da ke nuna cewa da gangan aka je aka tsinto ta.

Sai dai masu shakka suna da hujja mai ƙarfi, domin huji a jikin katantanwa ba lalle ne ya zama aikin hannu ba. Akwai dodon koɗin teku mai cin ɗan'uwansa da ke huda ƙwanso ya zuƙe naman, igiyar ruwa ma tana buga ƙwanso a kan duwatsu har ya fashe ta inda ya fi rauni. Saboda haka sai masu binciken, musamman Francesco d'Errico da Marian Vanhaeren, suka koma ga gwaji. Suka tara irin wannan katantanwa a gaɓar teku domin su ga sau nawa ake samun irin wannan huji ba tare da hannun mutum ba, sannan suka yi ta huda sabuwa da tsinin dutse da na ƙashi, daga waje da kuma daga ciki. Hanyar da ta ba da huji irin na Blombos ita ce a cusa tsinken ƙashi ta bakin katantanwar a danna daga ciki har ya ɓulla ta baya, kuma an sami irin waɗannan tsinkayen ƙashi a kogon. Aiki ne da ke son lallami, domin in aka matsa da ƙarfi ƙwanson zai tarwatse.

Shaidar da ta fi gamsarwa, a ganina, ita ce gogewa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma an ga gefen hujin ya yi sulɓi ta inda zare ya daɗe yana cinsa, an kuma ga wuraren da suka sha guga saboda haɗuwa da katantanwar da ke kusa ko da fata, kamar dai yadda tsohuwar jigida take nuna alamar daɗewa a ƙugu. Wasu suna ɗauke da ragowar jar ƙasa, ko dai an shafa musu ita ko sun kwaso ta daga jikin mai sanye da su. Daga baya, a 2013, nazarin wannan gogewa ya nuna cewa salon shirya su a zare ya bambanta tsakanin tsohon zubin ƙasar da ta taru a kogon da zubin da ya hau kansa daga baya, wato har yayi ake yi.

Bayan Blombos sai shekarun suka yi ta ja da baya. A 2006 aka sake duba katantanwa biyu daga kogon Skhul na Dutsen Karmel a Isra'ila, waɗanda aka tono tun shekarun 1930 suka yi ta zama a gidan tarihi a Landan, aka gano sun haura shekara dubu 100. Wata guda ta fito daga Oued Djebbana a Aljeriya, kusan kilomita 200 daga teku. A 2007 kogon Taforalt na Maroko ya ba da nasa masu shekara dubu 82, sannan a 2021 aka sanar da 33 daga kogon Bizmoune kusa da Essaouira, masu aƙalla shekara dubu 142.

Ba a ko'ina aka huda da hannu ba. A kogon Qafzeh da ke Isra'ila mutane sun tsinci ƙwanson da teku ya riga ya huda ne suka rataya, haka nan a Cueva de los Aviones ta Sifaniya an sami ƙwanso mai huji tare da launi a zubin mutanen Neanderthal, wato wani jinsin mutanen dā da ya bambanta da namu kuma ya ƙare, wanda ya ƙara dagula tunanin cewa ado namu ne mu kaɗai.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda mutanen da dubban kilomita suka raba, daga Maroko zuwa Dutsen Karmel, suka nace wa nau'i guda na ƙaramar katantanwa tsawon dubban shekaru, alhali gaɓar teku cike take da wasu masu kyau. Masana irin su Steven Kuhn suna ganin alama ce da baƙo zai gani daga nesa ya san da wa yake magana, kusan aikin da tsagar fuska take yi. Wasu kuma suna ganin kayan kyauta ne da ake ƙulla zumunci da su tsakanin dangi masu nisa. Zaren da aka rataya su ya ruɓe tun tuni, don haka ko a wuya aka sa su, ko a hannu, ko ɗinke su aka yi a jikin fata, gogewar gefen hujin ce kaɗai ake karantawa.