Makarantar Sakandaren Amurka ta Berlin

Makarantar Sakandaren Amurka ta Berlin makaranta ce da gwamnatin Amurka ta gudanar domin 'ya'yan sojojinta da na ma'aikatanta farar hula waɗanda aka girke a Yammacin Berlin bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tushenta ya faro a 1946, ta samu gininta na kanta a 1965, aka kuma rufe ta a 1994, shekarar da dakarun Amurka suka tattara nasu ya nasu suka bar birnin. Abin da ya bambanta ta da yawancin takwarorinta shi ne wurin da take, domin Jamus ta Gabas ce ta yi wa Yammacin Berlin ƙawanya, kuma tsakanin birnin da iyakar Jamus ta Yamma akwai tazarar da ta haura kilomita 160. Tsofaffin ɗalibanta suna da ƙungiya da ake kira Berlin Brats.

Kafuwa

Da Jamus ta miƙa wuya a watan Mayun 1945, ƙasashe huɗu da suka ci yaƙin, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet, suka raba ƙasar da babban birninta gida huɗu. Kason Amurka a Berlin ya faɗa kudu maso yammacin birnin, inda unguwannin Dahlem da Zehlendorf suke. Tun da zaman ba na kwana ɗaya ba ne, sai aka yarje wa sojoji su kawo iyalansu, kuma rukunin farko na mata da yara ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Bremerhaven a watan Afrilun 1946. A watan Oktoba na wannan shekarar rundunar sojan ƙasa ta buɗe makarantu a garuruwa da dama, ciki har da Frankfurt da Heidelberg da Munich da Berlin. Gwamnati ba ta ware musu kuɗi a kasafinta ba da farko, saboda haka da kuɗin makaranta da iyaye ke biya da ribar barasar da ake sayarwa a shagunan soja aka riƙa ɗaukar nauyinsu.

A Berlin an fara karatu ne a ginin wata makarantar Jamusawa da soja suka karɓe a Dahlem. Aka sa wa makarantar sunan Kanar Thomas A. Roberts, wani hafsa da aka kashe a Faransa a 1944. Daga baya ta koma sabon gini a titin Hüttenweg, inda ƙanana da manya suka ci gaba da zama ƙarƙashin rufi ɗaya har 1965, lokacin da aka kammala ginin sakandare a titin Am Hegewinkel, aka bar wa 'yan firamare tsohon wurin da tsohon sunan.

Yara a matsayin shaida

Ba a yi shekara biyu da buɗe makarantar ba sai aka shiga tsaka mai wuya. Ranar 24 ga Yunin 1948 Sobiyet ta toshe hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa da ke shiga Yammacin Berlin, ba ta buɗe su ba sai 12 ga Mayun 1949. Jiragen saman Amurka da Birtaniya ne suka ciyar da birnin, inda suka yi jigilar kaya sama da tan miliyan 2, mafi yawansu gawayin kwal. Tun kafin toshewar an tayar da maganar kwashe iyalan sojoji, amma Janar Lucius Clay, gwamnan soja na yankin Amurka, ya ƙi. Ya bar wanda ke son tafiya ya tafi, sai dai bai yarda a yi kwasar gayya ba, domin a ganinsa ranar da mutanen Berlin suka ga ana loda matan Amurkawa da 'ya'yansu a jirgi, ranar za su san cewa an sallama su.

Wannan tunani ya bi makarantar har ƙarshenta. Dakarun Amurka da ke Berlin 'yan dubbai ne kawai, kowa kuma ya san ba za su iya tare rundunonin da suka kewaye su ba idan yaƙi ya ɓarke. Amfaninsu shi ne a gan su a wurin, kuma babu shaidar zama daram da ta kai yara masu tafiya makaranta kowace safiya. Ko sun sani ko ba su sani ba, ɗaliban suna cikin lissafin Yaƙin Cacar Baka. Waɗanda ke birnin a 1961 sun wayi gari ranar 13 ga Agusta an fara gina Katangar Berlin, a watan Oktoba kuma tankokin Amurka da na Sobiyet suka yi cirko-cirko a shingen Charlie, wata mashigar bincike tsakanin Gabashi da Yammacin Berlin. A 1986 an tayar da bam a gidan rawa na La Belle, wanda sojojin Amurka ke yawan zuwa, mutum uku suka mutu, aka ƙara tsaurara tsaro a duk inda Amurkawa ke taruwa.

Rayuwar makaranta da jirgin dare

A cikin aji komai na Amurka ne: manhaja, malamai, littattafai, har da bikin yaye ɗalibai. Ana koyar da Jamusanci, kuma 'yan wasan makarantar sun ɗauki sunan beyar, dabbar da ke jikin tambarin birnin Berlin. A wajen aji ma unguwar kamar wani yanki ne da aka yanko daga Amurka aka dasa a bakin titin Clayallee: ga kantunan soja na Truman Plaza da ake ciniki da dala, ga gidan silima na Outpost, ga tashar rediyon sojoji. Akwai kuma iyayen da suka gwammace makarantar haɗin gwiwar Jamus da Amurka da aka kafa a 1960, wadda daga baya aka sa wa sunan John F. Kennedy, kuma ita tana nan har yau.

Abin da tsofaffin ɗalibai suka fi tunawa shi ne jirgin ƙasan soja. Yawancin makarantun da ake karawa da su a wasanni suna Jamus ta Yamma, saboda haka gasa ta waje takan nufi kwana a hanya. Jirgin yakan tashi da yamma daga tashar Lichterfelde West, ya ratsa Jamus ta Gabas cikin dare ta Potsdam da Magdeburg, ya isa Frankfurt ko Bremerhaven da safe. Kowane fasinja, ko da yaro ne, sai ya riƙe takardar izinin tafiya da aka rubuta da Turanci da Faransanci da Rashanci, kuma dole abin da ke cikinta ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, don kuskure ƙanƙane na iya tsayar da jirgin gaba ɗaya. A Marienborn, tasha ta ƙarshe kafin iyaka, kwamandan jirgin da tafintansa ne ke sauka su kai wa hafsan Sobiyet takardun. Fasinja ba ya sauka, ba ya ɗaukar hoto, ba ya magana da masu gadi. Yaro ɗan shekara 16 yana kwance a gadon jirgi, jakar takalman ƙwallonsa a gefe, yana leƙen sojan Sobiyet da bindiga a rataye ƙarƙashin fitilar tasha, washegari kuma ya shiga fili kamar ba a yi ba. An ci gaba da wannan jigila har 1990.

Ɗalibai ba sa daɗewa, domin yawanci bayan shekara biyu ko uku ake yi wa mahaifi canjin wurin aiki. Kaɗan ne suka fara aji suka kuma gama a Berlin.

Rufewa

Katangar ta faɗi ranar 9 ga Nuwamban 1989, Jamus ta haɗe ranar 3 ga Oktoban 1990, dalilin zaman sojojin ƙetare a birnin ya kau. Makarantar ta yaye ajinta na ƙarshe a 1994, a watan Satumba kuma dakarun ƙasashen Yamma suka yi ban kwana da Berlin. Ginin ya koma hannun hukumomin birnin, suka buɗe makarantar Jamusawa a ciki da sunan Wilma Rudolph, 'yar tseren Amurka da ta ci zinare uku a gasar Olamfik ta Roma a 1960. Gidan silima na Outpost kuwa ya zama gidan tarihi na sojojin ƙawance.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai

Kalmar brats da ke cikin sunan ƙungiyar, a Turancin yau da kullum, tana nufin fitinannen yaro ko sangartacce, amma 'ya'yan sojojin Amurka sun daɗe da mayar da ita kirari. Ƙungiyar ta haɗa waɗanda suka yi karatu a makarantun biyu, wato ta Thomas A. Roberts da sakandaren, tsakanin 1946 da 1994 tare da malamansu, ko da mutum shekara ɗaya ya yi.

Aikinta ya sha bamban da na ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da aka saba gani, masu tara kuɗi su gyara aji ko su gina ɗakin karatu. A nan babu makarantar da za a tallafa wa, babu kuma garin da iyayen ɗalibai suke zaune da za a je a tambayi labarin wane. Rana ɗaya aka watse, kowa ya bi mahaifinsa zuwa wani barikin. Saboda haka babban aikin ƙungiyar shi ne cigiya: nemo abokin da aka rabu da shi shekara talatin ko arba'in, sau da yawa mace ce da ta yi aure ta canza sunan mahaifi zuwa na miji, wanda hakan ke ƙara wahalar da neman. Zuwan intanet ya sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai. Ƙungiyar tana fitar da mujallar labarai, tana adana kundayen hotunan ɗalibai na shekara-shekara, tana kuma shirya taron sada zumunci a biranen Amurka daban-daban, wani lokaci a Berlin ɗin kanta, inda mahalarta kan ziyarci tsohon ginin.

Ba ita kaɗai ba ce a wannan fage. Tsofaffin ɗaliban Frankfurt da Heidelberg da sauran makarantun da aka rufe suna da nasu ƙungiyoyin, akwai kuma ƙungiyar adana tarihin makarantun Amurka na ƙetare da ke Wichita a jihar Kansas, wadda ke karɓar kundaye da kofuna da rigunan wasa daga hannun tsofaffin ɗalibai da malamai. Tun daga 1994 ƙungiyar Berlin ba ta sake samun sabon aji ba, kuma waɗanda aka yaye a wannan shekarar an haife su ne a wajajen 1976.