Shin bayan 1990 ne Musulunci ya shiga Albaniya?

An daɗe ana cewa Musuluncin Albaniya, ƙasar da ke kudu maso gabashin Turai, baƙo ne, wai ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje ne suka kawo shi bayan faɗuwar kwaminisanci. Ba abin mamaki ba ne a ɗauka haka, domin a 1967 gwamnatin ƙasar ta haramta addini gaba ɗaya, ta rufe masallatai da coci-coci, sai a 1990 aka ɗage haramcin. Lallai kuɗi da masu wa'azi sun shigo daga waje bayan nan, na Musulmi da na Kirista.

Amma Musulunci ya kafu a can tun zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda ta mulki yankin daga ƙarni na 15 har zuwa 1912. Shi ya sa yawancin Musulmin ƙasar 'yan mazhabar Hanafiyya ne, kamar Turkawa, ga kuma mabiya ɗariƙar Bektashiyya. Kiristoci ma 'yan asali ne: Katolika sun fi yawa a arewa, Otodoks a kudu.

Mai son tabbatarwa ya binciki shekarun ginin tsofaffin masallatai. Wani a birnin Shkodër, wanda aka gina shi da kubbobi rufe da dalma, tun 1773 yake tsaye.

Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.