Hawa mataki a wasan bidiyo da dalilin da ya sa yake cin lokaci

Hawa mataki shi ne ƙarin matsayin da gwarzon da mutum yake sarrafawa a wasan bidiyo yake samu bayan ya tara wani adadi na makin gogewa, waɗanda masu wasa suka fi sani da XP. Ana samun makin ne ta hanyar kashe dodanni, ko kammala aikin da wasan ya ɗora wa mutum, ko doke abokan karawa, kuma da zarar sun cika sai lambar matakin ta ƙaru da ɗaya, gwarzon ya ƙara ƙarfi, a buɗe masa wani makami ko wani yanki da a da ba ya iya shiga. Tsarin ya bazu ne daga Dungeons & Dragons, wasan tebur da ake yi da takarda da fensir, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

Tambayar da sabon shiga ya fi yi ita ce tsawon lokacin da hawan zai ɗauke shi, amma lambar matakin ita kaɗai ba ta isa ta ba shi amsa ba, domin matakan ba tsawonsu ɗaya ba. RuneScape, wanda ya fito daga Ingila a 2001, ya fi kowane wasa fito da wannan a fili. A cikinsa kowace sana'a, kamar saran itace ko kamun kifi, tana da matakanta, kuma maki 83 kacal ake bukata a bar mataki na 1 a shiga na 2. Gungumen itace na gama-gari yana ba da maki 25, saboda haka wanda ya ɗauki gatari ya sari gungume huɗu ya riga ya hau. Mataki na 99 kuwa sai an tara maki 13,034,431, domin abin da ake bukata yana ninkawa ne kusan bayan kowane mataki bakwai, wanda hakan ke nufin cewa mai mataki na 92, duk da yana ganin saura bakwai ya gama, rabin hanya kawai ya ci. Tsakanin 98 da 99 kaɗai akwai maki fiye da miliyan 1 da dubu 200, kuma ko da itacen sihiri mai ba da maki 250 mutum yake sara, sai ya tara gungume kusan 5,000 kafin lambar ta motsa.

A ganina, abin da ya kamata mai wasa ya fahimta shi ne cewa wannan tsawon lokaci masu ƙirƙirar wasan ne suka tsara shi da gangan. Suna sauƙaƙa farko don mutum ya ɗanɗana nasara da wuri, sannan su tsawaita ƙarshe don ya daɗe tare da su, kuma suna iya sauya lissafin duk lokacin da suka ga dama. World of Warcraft na kamfanin Blizzard ya fara a 2004 da mataki na 60 a matsayin ƙololuwa, aka yi ta ƙari har ya kai 120 a 2018, sannan a 2020 aka rage shi ya koma 60, aka kuma gajarta hanyar saboda ta yi wa sababbin shiga nisa. A wasan nan ma, wanda ya bar gwarzonsa ya huta a masauki kafin ya fita daga wasan, idan ya dawo zai riƙa samun ƙarin maki a kan dodannin da ya kashe na ɗan wani lokaci.

Abin da bai kwanta mini a rai ba shi ne sayar da hawan, domin kamfanin Blizzard yana karɓar kuɗi ya ɗaga gwarzo zuwa babban mataki nan take. Wanda ya saya ya tsallake jiran, amma yakan shiga manyan yaƙe-yaƙe da dabaru masu yawa a hannunsa waɗanda bai taɓa gwada ko ɗaya daga cikinsu ba.