Cutar Hanyar Fitsari a Jikin Yara

Cutar hanyar fitsari na kama yaro idan ƙwayoyin bakteriya suka shiga mafitsara, wani lokaci su hau har ƙoda. Yawanci E. coli ce, wadda ke zaune a hanji. 'Yan mata sun fi kamuwa saboda bututun fitsarinsu gajere ne kuma kusa da dubura, sai jarirai maza da ba a yi wa kaciya ba. Riƙe fitsari, taurin bayan gida da tamowa duk suna ƙara haɗari.

Yaron da ya iya magana zai yi kukan zafin fitsari ko ciwon mara, yana yawan fita yana yin kaɗan-kaɗan, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Ciwon kwiɓi da rawar sanyi na nuna ta kai ƙoda. Jariri kuwa zazzaɓi kawai za a gani, da amai da ƙin nono. Nan ne ake yawan kuskure, musamman da damina: a ɗauka cizon sauro ne, a sayo magani a kemis, cutar na nan tana cin ƙoda. Duk zazzaɓin da gwajin maleriya bai nuna komai ba, ya kamata a duba fitsari.

Don ɗibar fitsarin gwaji, a wanke gaban yaro da ruwa, a bar fitsarin farko ya zuba, a tari na tsakiya a kwalbar asibiti, a kai cikin awa 2, kafin a fara magani. Wanda aka matso daga tsumma ba ya amfani.

Jariri ɗan ƙasa da wata 3 kwantar da shi ake yi, a ba shi magani ta jijiya. In cutar ta kai ƙoda, ana buƙatar magani na kwana 7 zuwa 10, in a mafitsara ta tsaya, kwana 3 zuwa 5. In aka kwana 2 zazzaɓi bai sauka ba, a koma asibiti, wataƙila ƙwayar ba ta jin maganin. Yawan dawowar cutar na sa a ɗauki hoton ƙoda, don tabon da take bari kan jawo hawan jini daga baya.

A Kebbi sai an bambanta ta da tsargiya. Yaran da ke wanka a kogi ko shiga fadamar shinkafa a Argungu da Yawuri kan ga jini a ƙarshen fitsari. Wannan tsutsa ce, maganinta praziquantel, miligiram 40 a kowane kilo na nauyin yaro.

A koya wa yarinya tsarki daga gaba zuwa baya, kuma a yawaita ba yara ruwa lokacin bazara.