Koya Wa Iyaye Mata Rigakafin Yara a Ƙauyukan Kano: Tambayoyi da Amsoshi

Ta ina ake farawa da uwar da ba ta iya karanta katin rigakafi ba?

Da lissafin da ta riga ta sani. Ana haihuwa, tun kafin suna, a kai jariri a yi masa allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, a ɗiga masa maganin shan inna. Zuwa na biyu yana da sati 6, wato da ta gama wankan jego ta yi arba'in. Sai sati 10, sai sati 14. A wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, a ƙara ta ƙyanda a wata 15. A ce mata "bayan arba'in", ba za ta manta ba.

Ai masu ɗigo suna bi gida-gida, wannan bai isa ba?

Bai isa ba, kuma nan ne aka fi ruɗewa. Ɗigon rigakafin da ake bi gida-gida da shi na shan inna ne kawai. Mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙe-haƙora suna cikin allurar cinya da ake kira Penta, wadda ake yi sau uku a asibiti. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ya fi kama yaran da ba su samu wannan allura ba. Abin takaici ne, domin kyauta ake yin ta a asibitin gwamnati.

In uwa ta ce allurar tana sa zazzaɓi fa?

Gaskiya ta faɗa, kada a ƙaryata ta. Jiki kan yi ɗumi, wurin ya ɗan kumbura kwana ɗaya zuwa biyu. A sanar da ita tun kafin a tsira allurar: ta ci gaba da ba da nono, ta tambayi malamar asibiti adadin maganin zazzaɓin da ya dace. In ya yi tsanani ko yaro ya fara jijjiga, ta dawo da shi nan take. Wadda aka ɓoye wa wannan ba ta sake zuwa.

Maganar cewa rigakafi na hana haihuwa kuma?

Wannan zargi ne ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, aka dawo da shi a 2004 bayan gwaje-gwaje. 'Yan matan da aka ɗiga wa a lokacin, ga su nan da goyo a bayansu.

Uwa kaɗai za a koya wa?

A'a. Ba ta fita sai da izinin maigida, kuma maganar suruka na da nauyi a kan jika. Dole liman da mai unguwa da ungozoma su shigo ciki.

In an tsallake lokaci, an yi asara ke nan?

Ba a komawa farko. Ta ɗauko katin, za a ci gaba daga inda aka tsaya.