Waziran Masarautu a Daular Han

Waziran masarautu, waɗanda Sinawa ke kira xiang, manyan jami'ai ne da fadar daular Han ta ƙasar Sin ke naɗawa, ta tura su riƙe wa ƙananan sarakuna mulki. Wazirin yana zaune a fadar wani sarki, amma wanda ya naɗa shi yana can babban birni, Chang'an, daga baya kuma Luoyang. Duk wahalar muƙamin daga nan ta taso.

Liu Bang ya kafa daular a shekara ta 202 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya raba gabashin ƙasar ga sarakuna, waɗanda daga baya kusan dukkansu 'ya'yansa ne da 'yan uwansa. Kowane sarki na da fadarsa da sojojinsa da harajinsa, shi ke naɗa yawancin ma'aikatansa. Waziri kuwa sai wanda aka aiko masa.

Wanda ya fi barin suna a farkon zamanin shi ne Cao Shen, tsohon jarumin yaƙi da ya yi shekara 9 yana wazirtar masarautar Qi. Ya nemi shawarar wani dattijon malami, aka ce masa ya ƙyale talakawa su huta, ƙasa za ta daidaita da kanta. Haka ya yi, kuma ta zauna lafiya. Da aka kira shi wazirtar daular baki ɗaya a shekara ta 193 kafin haihuwar Annabi Isa, wasiyyar da ya bar wa magajinsa ita ce kada ya dami kasuwa da gidan yari.

Tawayen da masarautu bakwai suka yi wa fada a shekara ta 154 kafin haihuwar Annabi Isa shi ya nuna haɗarin kujerar. A Chu, waziri Zhang Shang ya ja kunnen sarkinsa, aka kashe shi. A Zhao an ƙone waziri Jiande da wuta. Na Huainan ya fi su dabara: da sarkinsa ya so shiga tawayen, ya roƙe shi ya damƙa masa rundunar, da ta shigo hannunsa ya tsare birnin ya ƙi fita, abin da ya ceci masarautar. Cikin wata uku Zhou Yafu, kwamandan sojojin daular, ya murƙushe tawayen.

Daga nan fada ta ɗaure wa sarakunan hannu. A shekara ta 145 kafin haihuwar Annabi Isa, Babban Sarki Jing ya ƙwace musu ikon naɗa jami'ai, kuma zuwa shekara ta 8 kafin haihuwar Annabi Isa waziri ya zama shi ke mulkin jama'a kamar gwamnan lardi, sarki sai cin rabonsa na haraji. Duk da haka aikin bai yi daɗi ba. Babban malamin nan Dong Zhongshu, da aka tura shi Jiaoxi waziri wurin sarkin da ya yi ƙaurin suna wajen hallaka jami'ai, bai daɗe ba ya ce ba shi da lafiya, ya ajiye aiki.

Muƙamin ya rayu har ƙarshen daular. Cao Cao, wanda daga baya ya zama mafi ƙarfin iko a ƙarshen daular, ya riƙe shi a Jinan, inda ya kori jami'ai masu cin hanci ya rushe wuraren tsafi. Liu Bei ma, abokin hamayyar Cao Cao, ya riƙe shi a Pingyuan.