Bishiyar da ke gonar koko: wa ke raino, wa ke cin moriya?

'Yan uwa manoma da masu kula da gonakin koko a yankunan Sefwi, Ahafo da Asante na ƙasar Gana, musamman mu mutanen zango da muka zo daga arewa, ina yi muku sallama. Ni malamin gona ne, kuma abin da na gani a wata gona kusa da Juaboso shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na tarar da wani dattijo tsugune da adda, yana kewaye gindin wata 'yar bishiyar odum da ba ta fi cinyar mutum kauri ba, yana ɓare mata ɓawo don ta bushe a tsaye. Na ce, "Baba, wannan ai ita ce inuwar kokonka nan da shekara goma." Ya ɗago, ya share gumi da gefen riga, ya ce, "Ɗana, in ta girma ba tawa ba ce. Masu katako za su zo su kayar da ita a kan kokona, su ja gungumen ta tsakiyar gona, su bar ni da kuka."

Ban iya musa masa ba. Tun dokar 1962, bishiyar katako da ta tsiro da kanta a Gana tana hannun gwamnati, ko da a tsakiyar gonarka take, ko da kai ka yi mata shara har ta kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ba shi da rabo a bishiya, don me zai raine ta? Daga nan ake fara asarar daji, tun kafin a zo kan masu galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, da suka mayar da ruwan Pra da Ofin da Ankobra kamar kunu.

Amma koko ɗan inuwa ne. Asalinsa ma daga ƙarƙashin manyan itatuwan dajin Amazon yake. Kun ga abin da zafi da busasshiyar iskar hunturu suka yi a farkon 2024: fure ya zube, ƙananan 'ya'ya suka yi baƙi a jikin itace, kuma gonakin da aka aske musu inuwa su suka fi jin jiki. A shekarar ce farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, alhali manomi na kallon buhunansa sun ragu. Afirka gaba ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 kacal take fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ba mu muka hura wutar ba, amma mu take ƙonawa. Abin da ake nufi da adalci a batun sauyin yanayi ke nan: wanda ya ɓata ya biya, wanda ya tsare daji ya ga ladan tsaronsa a hannunsa.

Kuɗin sun fara shigowa. A watan Janairun 2023 Bankin Duniya ya biya Gana kimanin dala miliyan 4.8 saboda rage sare daji a yankunan koko, kuma tsarin rabon ya ware kaso mafi tsoka ga manoma da garuruwansu. Damuwata ita ce wa ake ƙirgawa a matsayin manomi. Mai gona yana zaune a Kumasi ko Akara, sunansa ne a littafi. Wanda ke kwana a bukka, yana feshi, yana fasa koko, yana karɓar kashi ɗaya cikin uku a tsarin abusa, ba a san da shi ba. Matarsa da ke ɗauko ɗanyen koko a ka, ta shanya, ta juya shi a kan tabarma har ya bushe, ita ko a taro ba a kiranta. A ganina duk shirin da ya tsallake waɗannan mutane ba zai tsare ko bishiya ɗaya ba, domin addar a hannunsu take.

Ga kuma dokar Tarayyar Turai da ke tafe, wadda ta hana shigar da koko daga filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020. Kowace gona sai an ɗauki taswirarta da na'ura. Ranar da jami'an COCOBOD, hukumar koko ta Gana, suka zo awo, kada ka tafi kasuwa. Ka tsaya, ka bi su iyaka zuwa iyaka, ka tabbatar an rubuta sunanka da matsayinka. In yarjejeniyarku ta abunu ce, wato raba gona biyu bayan ta kama, kada ka bar ta a fatar baki. A rubuta, a sa hannu gaban sarkin gari da shaidu, a faɗi a fili na wane ne itatuwan da ka dasa. Na ga marayu da aka kora daga gonar da mahaifinsu ya share shekara ashirin yana raino, don babu takarda.

Batun bishiya kuwa, gyaran dokar katako da aka yi a 2002 ya bambanta wadda ta tsiro da kanta da wadda mutum ya dasa. Wadda ka dasa taka ce, ba a ba wa kamfani izinin sare ta. Sai dai ka iya nuna shaida, don haka ka yi mata rajista a ofishin gandun daji na gundumarku: irinta, shekarar dashe, da inda take. Muna ba da shawarar itatuwan inuwa 15 zuwa 18 a kowace hekta, irin su ofram da emire masu saurin tashi. Ka sa goro a gefe, kayan da kakanninmu suka yi ta safara daga Gwanja zuwa Kano, har yau kuma bai rasa mai saye ba. Ko bishiyar da ta tsiro da kanta ma, ba a sare ta a gonarka sai da yardarka, kuma kokon da aka lalata dole a biya diyyarsa. Kafin a janye gungumen, ka ƙirga itatuwan da suka karye, ka ɗauki hoto da waya.

Dattijon nan bai ƙarasa ɓare odum ɗin ba a ranar. Ya ce zai jira ya ga da idonsa takardar rajistar ofram goma sha biyun da ya dasa tukuna. Mako mai zuwa zan koma da fom ɗin, kuma na roƙe shi ya zo da uwargidansa, don a sa sunanta a kai.